Zabirar Baba da allurar da ke shafa zarra

Mahaifina wanzami ne, Allah ya jiƙansa. A Bagalam muke zaune, amma har daga Tibiri da Jiratawa ana aiko masa idan an yi haihuwa. Tun ina ɗan shekara bakwai nake rataya masa zabira ranar da babu lakwal, in bi shi gida-gida. Wana ne ya gaji sana'ar, ni boko ya ɗauke ni. Amma akwai abin da na ɗauka a wurin Baba wanda ban san na ɗauka ba sai bayan shekara ashirin.

Idan zai yi wa jariri askin suna, ba ya fara ɗora aska. Sai ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya sa babban yatsansa yana shafawa a hankali tun daga goshi har ƙeya, idonsa a lumshe. In ya iso maɗiga sai ya dakata, ya sassauta hannu, ka ga yatsan kamar bai taɓa fatar ba. Wata rana a hanyar komawa gida na tambaye shi abin da ya sa yake rufe ido. Ya ce, "Auta, ido gashi yake gani. Yatsa shi ke ganin kai."

Ɗalibaina a nan Maradi sun san na yi shekara shida a Turai ina aikin bincike bayan digirin dakta, aikin da ake kira fosdok. Da wuya mako ya wuce wani bai tare ni bayan darasi ya ce, "Malam, ta ina ake bi?" ba. Ina ba su amsa a tsaye, a gurguje, kuma duk lokacin da na koma gida sai in ji na rage musu wani abu. Yau ina so in faɗe shi duka, da daɗinsa da ɗacinsa.

Na yi bak a 2004. Lokacin babu jami'ar gwamnati a Maradi, sai a 2010 aka kafa wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo yanzu. Don haka Yamai na tafi, na karanta fizik a Jami'ar Abdou Moumouni. A can na fara jin cewa mai sunan a Tasawa aka haife shi a 1929, ɗan jiharmu ne, kuma ya ba da rayuwarsa ga binciken yadda za a ci moriyar hasken rana. Jin haka ya ƙarfafa mini gwiwa fiye da duk wani darasi na shekarar farko. Daga baya Allah ya ba ni tallafin karatu zuwa Faransa, na yi mastar, na shiga dakta.

Ranar da aka fara kai ni ɗakin binciken, ƙasa muka sauka, hawa biyu ƙarƙashin gini. Na yi zaton zan ga madubi irin na asibiti da ake leƙawa da ido ɗaya. Sai na tarar da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai bututu ta ko'ina, an naɗe ta da takardar alminiyom, tana zaune kan ƙafafu huɗu masu iska a ciki don kada jijjigar ƙasa ta kai gare ta. A cikin cikinta akwai wata 'yar allura. Ita ce duka aikin. Ana matso da ita kusa da fuskar abin da ake son dubawa har ya rage ƙasa da nanomita ɗaya tsakaninsu, ba tare da ta taɓa ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. A irin wannan kusanci, idan aka sa 'yar wutar lantarki tsakanin allurar da abin, sai ƙwayoyin lantarki su riƙa tsallakawa ko da yake babu wayar da ta haɗa su. Wutar da ke tsallakawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin biliyan na amfiya, amma tana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: in allurar ta ƙara matsowa da nanomita 0.1 kacal, sai wutar ta ninka kusan sau goma. Saboda haka sai a riƙa jan allurar layi-layi a kan abin, kwamfuta tana ɗaga ta inda ta ji tudu, tana sauke ta inda ta ji kwari, don wutar ta tsaya daidai. Wannan hawa da saukar shi ake zanawa ya zama hoto. A hoton kana ganin ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ginu da su, a jere, ɗaya bayan ɗaya.

Mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta a 1981 a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurik, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, kuma a 1986 suka karɓi kyautar Nobel a kanta. STM ake ce mata a taƙaice. A shekarar 1986 ɗin ne kuma Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka fito da ƙanwarta, AFM, wadda ba ta bukatar wuta ta tsallaka: ƙarfin ja da turi tsakanin bakin allura da abin take ji, shi ya sa take iya shafa gilashi da roba har da ƙwayoyin jini. Ni duka dangin nasu madubin allura nake kiransu idan ina magana da mutanen gida.

A makon da na fara ganin na'urar na kira Baba. Na yi ta kame-kamen yadda zan bayyana masa, can dai na ce, "Baba, na'ura ce da ba ta gani da ido, shafawa take yi kamar yadda kuke shafa kan jariri." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni me take shafawa. Na ce zarra. Ya ce, "Zarrar da Allah ya ambata a Littafinsa?" Na ce sunan muka ara, don ba mu da kalmar da ta fi ta ƙanƙanta. Ya ce to in kula da kaifin allurata, don wanzamin da bai iya wasa aska ba bai iya aski ba.

Maganarsa ta zauna daram, domin rabin rayuwar mai wannan aiki a kan allura take ƙarewa. Da hannu muke yin ta. Za ka yanko 'yar wayar wani ƙarfe mai tauri da ake kira tungusten, ka tsoma bakinta cikin ruwan soda, irin sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita, ka saka wuta. Sodar tana cin wayar daidai saman ruwan, tana sirancewa, tana sirancewa, har guntun ƙasa ya yanke ya faɗi. A wannan ƙiftawar ido dole wutar ta katse, in ba haka ba sodar ta ci gaba da cin bakin ya dakushe. Ni a hannuna, cikin goma da ƙyar biyu ke yin kyau. Kuma ba ka sanin mai kyau sai ka sa ta cikin tukunya. Tukunyar kuwa an zuƙe iskar cikinta sarai. Idan wani abu ya lalace aka buɗe ta, sai an sake rufewa an gasa ta kwana biyu ko uku da zafin da ya haura na tafasar ruwa don danshin jikin ƙarfen ya fita, sannan a jira ta huce. Kuskuren minti ɗaya mako guda yake ci. Na ga ƙato da gemunsa ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa saboda hannunsa ya goce allura ta caki abin da ya yi wata biyu yana shiryawa.

Duk da haka ina son aikin nan, har gobe. Daren da na fara ganin zarra a jere a kan allon kwamfuta, da allurar da na wasa da hannuna, tsigar jikina ta tashi. Na fita na yi alwala na yi nafila a lungun matakala.

Na kare dakta a ƙarshen 2015. A gida aka yi ta murna, Inna ta raba ƙuli-ƙuli da goro a unguwa, kowa na cewa Auta ya gama, sai aiki. Ni ma haka na zata. Abin da ban fahimta ba shi ne fosdok aikin wa'adi ne. Wani farfesa ya nemo kuɗin wani bincike na shekara biyu ko uku, ya ɗauke ka da kuɗin, ranar da kuɗin suka ƙare kai ma ka ƙare. Kwantiragina na farko wata 18 ne. Wata shida na farko sun tafi wajen koyon halin sabuwar na'urar, don kowace tana da nata, kamar doki. Kafin wata na tara na fara neman wani wurin, alhali ko maƙala ɗaya ban fitar ba, kuma maƙala ita ce kaɗai abin da masu ɗauka ke dubawa: nawa ka buga, a wace mujalla, sunanka na nawa ne a jerin marubuta. Mujalla kuwa takan riƙe maƙala watanni kafin ta ce e ko a'a. Wasiƙun neman aiki da na aika a wannan zagaye sun haura talatin. Uku suka kira ni hira.

Katin zamana a ƙasar ma da kwantiragin yake ɗaure. Mai gidan haya yana so ya ga takardar aiki mai tsawo. Na yi aure a 2016 a hutun mako uku, amma ban iya ɗauko maiɗakina ba, don ba a ɗauko iyali da takardar da ta rage 'yan watanni. Ta zauna a gidanmu wajen Inna. Da aka haifi ɗanmu na fari a 2017, ta WhatsApp na halarci suna. Wana ya riƙe wayar, ina kallon Baba yana shafa kan jikansa da yatsa, idonsa a lumshe, ni kuma ina tsaye a farfajiyar ɗakin bincike cikin rigar sanyi.

A gida ba a ganin wannan. Abin da ake gani shi ne yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, sai a lissafa albashinka a ce ai ka haye. Ba na ganin laifin kowa, don ni ma ban taɓa faɗa musu cewa tsakanin kwantiragi na farko da na biyu wata huɗu na yi ba albashi, ina cin abin da na tara, ina aika na cefane kamar kullum don kada hankalin Inna ya tashi.

Na biyun a Jamus na same shi, shekara biyu. A can na'urar AFM ce da ake sanyayawa da ruwan hiliyom, sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, don motsin zarra ya lafa. Dabarar da muke bi Leo Gross da abokan aikinsa ne suka nuna ta a 2009 a ɗakin binciken nan na Zurik: a ɗauko ƙwayar iskar gawayi mai guba guda ɗaya tak a liƙa a bakin allura, sai ta zama bakin, kuma da ita ana iya ganin ƙashin ƙwayar sinadari, zobe-zobe, kamar yadda ake zana shi a allon aji. Shugaban ɗakin mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni lokacin salla ba, kuma ya rubuta mini wasiƙun shaida masu kyau. Sai dai shi ma ba shi da kujerar da zai ba ni. A Jamus akwai dokar 2007 da ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi har shekara shida kafin dakta, shida bayansa. Idan wa'adin ya cika bai samu kujerar dindindin ba, galibi sai ya kama wata hanyar. Kujerun kuwa kaɗan ne, masu nema jingim. Wadda ta koya mini ɗaukar ƙwayar iskar nan da allura ta fi ni iya aiki nesa ba kusa ba. Tana da shekara 41, tana kan kwantiragi na biyar, ta haɗa kayanta ta koma wani kamfanin da ke ƙera irin waɗannan na'urori. Yawancin waɗanda na sani nan suka ƙare, ko a masana'antar ƙananan kayan lantarki. Ba faɗuwa ba ce, suna samun abin rufin asiri fiye da na jami'a. Amma da an faɗa mana tun farko cewa nan hanyar ta fi kaiwa, da mun shirya mata da zuciya ɗaya.

Yanzu na zo wurin da nake tsallakewa idan ɗalibai suka tambaye ni.

A watan Afrilu na 2019, ana saura 'yan makonni azumi, Baba ya kwanta. Lokacin saura wata bakwai kwantiragina ya ƙare, kuma ba ni da maƙalar da sunana ke farko daga wannan ɗakin. Mu huɗu ke raba na'urar, kowa mako uku, in naka ya wuce sai bayan wata biyu. Ga shi a shekarar ana fama da ƙarancin hiliyom a duniya, ba ka da tabbacin za a samu na cika tukunya a zagaye na gaba. Layina ya zo, an cika, na sami allura mai kyau irin wadda ban taɓa samu ba. Kullum da yamma ina kiran Inna in ce yaya jikin Baba, ta ce da sauƙi. Ni Bahaushe ne, na san mara lafiya ko yana gargara "da sauƙi" ake cewa. Na sani. Amma na zaɓi in ji kalmar yadda take.

Ranar wata Talata Yaya ta karɓi wayar ta fita da ita zaure. Ta ce, "Auta, in kana da halin zuwa ka zo. Ba zan ƙara faɗa maka ba." Na ce, "Yaya, kwana goma sha biyu suka rage mini, ina gamawa zan taso, in sha Allah." Ba ta ce komai ba, sai ta ce Allah ya kai mu. Na nemi a ba Baba wayar. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya tambaye ni ko allurar ta yi kaifi, na ce ta yi. Ya ce to in yi aikina, Allah ya yi mini albarka.

A dare na tara na sami hoton da na yi shekara da rabi ina nema. A ƙarƙashin ginin nan waya ba ta kamawa. Na hauro da asuba ina murna, ina isa bakin ƙofa wayar ta fara kaɗawa a aljihuna, kira goma sha bakwai. Kafin in sami tikitin jirgi an kai shi makwancinsa. Na sauka Yamai washegari da dare, na kwana a tasha, na hau motar safe, kilomita ɗari shida da wani abu, ban iya cin komai ba har muka wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Sadakar uku na tarar.

Na san ajali ba ya jira, kuma zuwana ba zai ƙara masa ko numfashi ɗaya ba. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma da na riƙe hannunsa. Ba na ɗora wa kowa laifi, da na nemi izini da an ba ni a ranar. Ni ne ban nema ba. Shekara uku ina ƙirga kwanakin da suka rage a takarda, har ƙirgar ta shige mini jiki, na kasa ganin cewa akwai wasu kwanakin da su ma suke ƙarewa. Maƙalar ta fito bayan wata tara, sunana a farko. Hoton daren nan shi ne na biyu a ciki. Har yau idan na buɗe ta, shafin nan da sauri nake wuce shi.

Kafin in koma, Inna ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini tsohuwar zabirarsa, wadda nake ratayawa ina yaro. Wana yana da tasa sabuwa. Ta ce Baba ya ce a ba ni, tunda ni ma aikin kaifi nake yi.

Na koma na ƙarasa, na sake samun shekara biyu a wani ɗakin binciken, annobar korona ta ci kusan rabinsu. A wannan zama na uku na canja yadda nake aiki. Akwai wani dattijon ma'aikaci mai gyaran kayan lantarkin ɗakin, wanda matasa ba su cika zama wurinsa ba. Na liƙe masa. Shi ya koya mini haɗa na'urar da ke ƙara ƙarfin 'yar wutar nan da ke tsallakawa, da liƙi da dalma mai tsabta, da yadda ake farautar hayaniyar lantarki waya bayan waya har a gano inda take shigowa. Duk abin da nake amfani da shi yau, rabinsa daga teburinsa na ɗauko. Da kwantiragin ya zo ƙarshe wani kamfani ya yi mini tayi mai kyau. Na yi istihara, na yi shawara da maiɗakina, ta ce yaron ya shiga shekara ta biyar bai san ubansa ba sai a waya. A ƙarshen 2021 na dawo, Allah ya sa na sami gurbin koyarwa.

Wanda ya ce zai bi wannan hanya ba na hana shi. Ilimin da ke ciki na gaske ne, kuma babu inda za ka koye shi sai a gaban na'urar. Abin da nake ce musu shi ne kafin ka sa hannu ka tambaya ko na'urar tana aiki yau, don akwai wanda ya cinye kwantiraginsa kaf yana gyara. Ka tambaya mutum nawa ke raba ta. Ka nemi waɗanda suka yi aiki a ɗakin kafin kai ka ji inda suka ƙare, su za su faɗa maka abin da ba a rubuta a sanarwa ba. In da hali ka nemi tallafin da ke bin sunanka kai kanka, irin na Marie Curie na Tarayyar Turai, ko na Georg Forster da gidauniyar Humboldt ta Jamus ke bai wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, domin mai kuɗinsa a hannu yana da bakin magana. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyasta ta Italiya a 1964 ma ƙofarta a buɗe take ga irinmu. Sannan ka yanke wa kanka adadin shekarun da za ka yi tun kafin ka tashi, ka faɗa wa wani babba a gida wanda zai iya tuna maka.

Irin na'urar da na bari a Jamus ba ta zama a ɗakina, kuɗinta da hiliyom ɗinta sun fi ƙarfina. Amma STM mai aiki a cikin iskar ɗaki ba ta bukatar ko ɗaya daga ciki, kuma mutane sun sha haɗa ta a gidajensu. Shekara biyu ke nan ni da ɗalibai uku muna haɗa tamu a wani ɗan ɗaki a bayan gidana. Abin da ke motsa allurar ɗan faifan nan ne na tagulla da ke yin ƙara a cikin agogon tebur. A jikinsa akwai wani farin abu da ke miƙewa ko ya tsuke idan wuta ta taɓa shi, ɗabi'ar da Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880. Mun tsaga fuskarsa gida huɗu da reza don ya iya karkata gabas da yamma, kudu da arewa. Mun ɗora komai kan wani falalen siminti, simintin kuma kan tub ɗin babur mai rabin iska, muka kife da babban gwangwanin madara don tare hayaniyar lantarki. Da batir muke aiki, wanda faifan sola ke cikawa da rana, don wutar batir ta fi ta layi natsuwa. Abin da muke shafawa garafit ne, ɗan'uwan baƙin da ke cikin fensir amma tatacce. Da salatif ake ɓare fuskarsa a sami sabuwa mai sheƙi. Allura kuwa 'yar wayar filatinom ce da na taho da ita, ana yanka ta a karkace da filaya ana fizga lokaci guda. A zabirar Baba nake ajiye wayar da filayar.

Na'urar ta koya mana garinmu ta wata fuskar. Da rana ba ta aiki sam: zafi yana miƙa ƙarfen, hoton ya yi ta zamewa. Manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya tana jin su tun kafin kunnenmu ya ji. In maƙwabciyarmu ta fara daka, kowane saukar taɓarya sai ya fito a allo, layi fari, layi fari. Don haka sai tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare muke zama, ni da samarin biyu. Ta ukunsu yarinya ce 'yar aji uku, mahaifinta tela ne a babbar kasuwa. Ita da rana take zuwa ta yanka allurai ta jera su a kwalin ashana, ta sa wa kowace lamba. Nata sun fi nawa kyau.

Mun daɗe muna ganin matakala kawai, wato inda wani shafin garafit ya ƙare wani ya fara, tsayin nanomita 0.34. A cikin hunturun bana, wani daren Alhamis da iska ta kwanta, muka sa allura mai lamba 23. Wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci sai ɗigo-ɗigo suka fara fitowa daga ƙasan allon, a jere, layi yana bin layi. A kan garafit zarra ɗaya cikin biyu take nunawa, tazararsu nanomita 0.25. Babu wanda ya yi magana a cikinmu, ɗaya daga cikin samarin ya toshe bakinsa da hannu. Mun sami kamar layi talatin, sai ladan ya buɗe lasifika don kiran farko, allurar ta girgiza, sauran hoton ya watse. Muka adana abin da muka samu, muka tafi masallaci.

Da hantsi na kai wa Inna hoton a waya. Ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa, ta ce kamar saƙar faifai. Sannan ta tambaye ni wa ya wasa allurar. Na ce wata ɗalibata ce, 'yar tela. Ta ce, "Ka ce mata ta zo in ga hannunta."